Farfesa Olufunmilayo Olopade, mai binciken sankarar nono

Masu sauraro sun sha tambayarmu ko ana gadon sankarar nono. Wannan likita ƴar Najeriya, wadda ta yi karatu a Jami'ar Ibadan, take koyarwa a Jami'ar Chicago ta Amurka, ta daɗe tana bin diddigin wannan tambaya. A 2009, bincikenta kan matan Najeriya da Senegal ya nuna cutar kan kama su tun suna da sauran ƙuruciya, kuma sau da yawa irin mai wuyar magani ce. A 2018 ita da abokan aikinta suka gano cewa kusan ɗaya cikin bakwai na matan Najeriya masu cutar da aka gwada sun gaji lahani a ƙwayar halittarsu, galibi BRCA1 ko BRCA2. Ta wajen uba ma ana gadonsa, ba uwa kaɗai ba.