Harajin kuɗin shiga da taƙaddamar girman gwamnati a Amurka

Ranar 15 ga Afrilun kowace shekara ce wa'adin da Amurkawa ke miƙa wa hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, bayanin abin da suka samu a shekarar da ta gabata. Harajin da ake karɓa daga albashi da ribar ɗaiɗaikun jama'a shi ke samar da kusan rabin kuɗin da ke shiga baitulmalin Gwamnatin Tarayya. Saboda haka duk gardamar da aka soma a kansa takan rikiɗe ta koma gardama kan gwamnatin kanta, wato wane aiki ne ya rataya a wuyanta, kuma nawa ya halatta ta karɓa domin yin sa.

Yaƙi ne ya haifi wannan haraji. An fara ƙaƙaba shi a 1861, zamanin Shugaba Abraham Lincoln, domin ɗaukar nauyin yaƙin basasa, aka daina karɓarsa a 1872. Majalisa ta sake gwadawa a 1894, amma Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 1895, bisa hujjar cewa ta saɓa wa tsarin mulki. Sai da aka yi wa kundin gyara na 16 a 1913 sannan harajin ya zauna daram. A lokacin kashi 1 cikin 100 ake biya a kan abin da ya haura Dala 3,000, mafi tsananinsa kuma bai wuce kashi 7 ba. Talaka bai ma san ana yi ba, domin 'yan tsiraru ne samunsu ya kai wannan mizani.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai harajin gidan kowa. A 1943 aka kafa dokar cire shi daga albashi tun kafin kuɗin ya isa hannun ma'aikaci, a 1944 kuma kason da ake karɓa daga matakin ƙoli na samun manyan masu kuɗi ya kai kashi 94. Abin ban mamaki, cikin ma'aikatan baitulmalin da suka tsara cirewar daga albashi har da Milton Friedman, masanin tattalin arzikin da daga baya ya zama jagoran masu neman a rage wa gwamnati ƙiba. Kason ƙolin ya tsaya wajen kashi 91 har zuwa 1963, kafin ya sauka zuwa 70 a 1965.

Guguwar ƙin haraji ta zamanin nan daga jihar Kalifoniya ta taso. A watan Yunin 1978 masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira Proposition 13, wanda ya taƙaita harajin gidaje, kuma 'yan siyasa a duk faɗin ƙasar suka gane inda iska ta dosa. Ronald Reagan ya hau mulki a 1981 yana cewa gwamnati ba ita ce maganin matsalar ba, ita ce matsalar. Ya sauko da kason ƙoli zuwa kashi 50, dokar 1986 kuma ta mayar da shi 28. Sai dai gwamnatin ba ta rame ba. Kuɗin da ake kashewa kan tsaro ya ƙaru, bashin ƙasa ya kusa ninkawa sau uku cikin shekara takwas ɗinsa.

A wannan zamani ne Grover Norquist ya fito da takardar alƙawarin da 'yan takarar jam'iyyar Republican ke sa wa hannu cewa ba za su ƙara haraji ba. George Bush babba ya ɗanɗana kuɗar saɓa irin wannan alƙawari: ya ci zaɓen 1988 da shi, ya amince da ƙarin haraji a 1990, ya sha kaye a 1992. Bill Clinton ya ɗaga kason ƙoli zuwa kashi 39.6 a 1993, kuma daga 1998 zuwa 2001 kasafin kuɗin ƙasar ya yi rara. Ƙungiyar Tea Party ta sake kunna wutar a 2009, Donald Trump kuma ya rage kason zuwa 37 a 2017, ya sauko da na kamfanoni daga 35 zuwa 21.

Masu neman ragi suna cewa mai guminsa ya fi jami'in gwamnati sanin inda zai sa kuɗinsa, kuma haraji mai nauyi yana kashe gwiwar masu zuba jari. Wasunsu na ganin hanya ɗaya ta hana gwamnati faɗaɗa ita ce a toshe mata mashigar kuɗi. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da cewa ribar ragin a aljihun attajirai take ƙarewa, giɓin kuma a cike shi da bashi. Sukan kafa hujja da jihar Kansas, inda Gwamna Sam Brownback ya zaftare harajin kuɗin shiga a 2012, kuɗin makarantu da na tituna suka yi ƙaranci, har majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa suka rinjaya, ta soke yawancin ragin a 2017 duk da ƙin amincewarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuraren da kuɗin ke tafiya. Kaso mafi tsoka na kasafin tarayya yana tafiya ne ga fanshon tsofaffi, da inshorar lafiyar tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi, da tsaro, da kuɗin ruwan bashin da ya haura Dala tiriliyan 36. Mai ƙorafin haraji sau da yawa shi ne mai jiran wannan fansho, kuma ba kasafai ɗan siyasa ke da ƙarfin halin taɓa shi ba. Shi ya sa wuƙar ragi takan sauka a kan abin da ba shi da masu kare shi a rumfar zaɓe. A 2025, da Trump ya ɗora wa Elon Musk aikin rage kashe kuɗin gwamnati, hukumar agaji ta USAID na cikin waɗanda aka fara rusawa, alhali duk tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje bai wuce kusan kashi 1 na kasafinta ba. Shirye-shiryen kiwon lafiya da na ciyar da yara a Najeriya da maƙwabtanta sun ji a jikinsu. A ranar 4 ga Yulin shekarar Trump ya sa hannu kan dokar da ta mayar da ragin harajin 2017 na dindindin, wadda ofishin kasafin kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara wa ƙasar giɓin sama da Dala tiriliyan 3 cikin shekara goma.