Asalin Majami'ar Tsibirin Cokoruwa

A arewa maso gabashin ƙasar Amurka, cikin jihar Niyu Hamsha, akwai wani tafki mai suna Sikwam, wanda duwatsu da kurmi suka kewaye, a cikinsa kuwa akwai wani ɗan tsibiri da mutanen wurin ke kira Tsibirin Coci, alhali kuwa wanda ya sauka a kansa ba zai ga bango ko rufi ko ƙofa ba, sai dogayen itatuwa da kujerun katako jere a ƙarƙashinsu. Ga yadda wannan al'amari ya samo asali.

A shekarar 1881 wani saurayi mai suna Ernest Balch, wanda ya yi karatu a kwalejin Datmus, ya lura da yadda 'ya'yan attajirai ke ɓata hutunsu na lokacin zafi a manyan masaukai, ana yi musu hidima, ba su san wahalar ɗebo ruwa ko hura wuta ba, abin ya dame shi ƙwarai, domin a ganinsa irin wannan hutu yana kashe zuciyar yaro. Saboda haka ya kafa sansanin yara maza a wannan tsibiri, ya sa masa suna Cokoruwa, sunan wani dutse na yankin, ana kuwa lissafa shi cikin sansanonin farko na irinsa a duk ƙasar. Ƙa'idarsa ita ce babu bara babu kuku: yaran da kansu za su dafa abinci, su wanke kwanoni, su share wuri, su koyi iyo da tuƙin kwale-kwale.

To, da yake Balch ya ɗauka tarbiyyar jiki ba ta cika sai da ta ruhi, sai aka keɓe wani fili a cikin itatuwa domin ibadar ran Lahadi, aka yi bagadi na dutse, aka kafa gicciye na wani itace mai farin ɓawo, irin wanda ke tsirowa a ƙasashen sanyi. Nan yaran ke taruwa da malamansu, su yi addu'a da waƙoƙin yabo bisa addininsu na Masihiyya, ba abin da ke tsakaninsu da sama face rassan itace.

Sansanin bai yi tsawon rai ba, gama a 1889 aka rufe shi, yaran suka watse, kowa ya kama gabansa. Amma waɗanda suka taɓa zama a wannan fili, da maƙwabta masu zuwa hutu bakin tafkin, ba su yarda wurin ya koma daji ba, har a 1903 suka kafa ƙungiya musamman domin kula da shi. Tun daga nan, kowace shekara idan ƙanƙarar hunturu ta narke, zafi ya shigo, akan buɗe ibada kowace Lahadi har zuwa farkon Satumba, jama'a su zo cikin jiragen ruwa da kwale-kwale, tun da babu gada, limamai kuwa na ɗariku dabam-dabam su riƙa karɓar jagoranci bi da bi. Har ɗaurin aure akan yi a can.

Wanda ya saba fita filin Idi da hantsi, ya ga sahu ya miƙe a sarari, ba zai rasa fahimtar abin da ke jan zukatan mutanen nan zuwa tsibirin ba. Abin lura kuwa shi ne, sansanin da aka sha wahalar kafawa bai kai shekara 10 ba, amma ɗan filin da aka share domin ambaton Ubangiji ya haura shekara 140 ana zuwa gare shi, har sunansa ya zama sunan tsibirin baki ɗaya.