Daga Randa zuwa Firij: Rumfar Ozon da Arewacin Zamfara

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Kaura Namoda, inda aka riƙa lodin gyaɗa da auduga zuwa gaɓar teku. A wancan zamani randa da tulu su ne masu sanyaya ruwa a gidajen Kaura da Zurmi da Shinkafi. Cikin waɗannan shekaru ne, tsakanin 1928 da 1930, Thomas Midgley da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa sinadarin CFC domin firij. An yi marhabin da shi, saboda ba ya kama wuta kuma ba ya cutar da mai shaƙarsa.

Ashe illarsa na can sama. Tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, Allah ya shimfiɗa wata siririyar rumfa ta iskar ozon, mai tace hasken rana mai ƙuna, wanda ke haddasa yanar ido da sankarar fata, ya kuma raunana shuka. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka bayyana cewa idan CFC ya hau sama, rana na farfasa shi, ya saki kulorin, wanda ƙwayarsa guda ke lalata dubban ƙwayoyin ozon. A 1985 Joseph Farman da abokansa na Birtaniya suka sanar da cewa rumfar ta yi ɓaraka a saman Antaktika.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 16 ga Satumba, 1987, ƙasashe suka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal, Nijeriya kuwa ta shiga a 1988. An bai wa ƙasashe masu tasowa wa'adi zuwa farkon 2010 su daina amfani da CFC.

Amma tsofaffin firij da Turai ta yi watsi da su sun sami kasuwa a nan. Sun zama jarin mai sayar da ƙanƙara a watan azumi, da mai zoɓo da kunun aya a kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Daga baya gwamnati ta sanya firij da na'urar sanyaya ɗaki na hannu cikin kayan da ta haramta shigowa da su. Duk da haka, aikin ya rataya a wuyan mai gyaran firij na bakin tasha: ko ya tara tsohon gas, ko ya sake shi cikin iska.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna rumfar na ɗinkewa: mafi yawan sassan duniya za su koma yadda suke a 1980 wajen 2040, Antaktika kuwa wajen 2066. Manomin gero a Zurmi da ke wuni cikin rana, da zabiya da fatarsa ba ta jure ƙunarta, su ne farkon masu cin moriyar wannan nasara. Hakkinsu ne a horar da masu gyaranmu, a ba su kayan aiki, domin kada a warware ɗinkin da duniya ta shafe shekaru tana yi.