Hanyar Dutsen Sukur: Daga Fataucin Ƙarfe Zuwa Yawon Buɗe Ido

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Yola da Maiduguri da Kano da Abuja ba mu taka hanyar dutsen nan tamu sai lokacin biki ko rasuwa, muna hawa muna haki, 'ya'yanmu na biye suna tambayar saura nawa a kai. Kaɗan ne ke tsayawa su dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Alhali wannan shimfiɗar duwatsu da ta tashi daga Sukur Ƙasa ta hau har fadar Hidi tana cikin manyan ayyukan da magabata suka bari a duk faɗin duwatsun Mandara.

Ba don shaƙatawa aka yi ta ba. Almara ta ce wasu ƙattai ne suka jera manyan duwatsun, amma duk wanda ya lura da yadda aka daidaita kowane falale a kan ɗan'uwansa, aka yi matakala inda gangara ta yi tsanani, ya san aikin jama'a ne masu shugabanci da haƙuri. Abin da ya kawo wannan wahala kuwa ƙarfe ne. Kakanninmu sun shahara da narkar da tama. Ana tsince ta daga yashin rafuka bayan ruwan sama, a haɗa da gawayi, a hura wuta a matoya har ƙarfe ya fito. Fatake daga ƙasar Barno da sauran garuruwan kwari suna zuwa saye, domin a wancan zamani wanda ba shi da ƙarfe ba shi da fartanya, ba shi da mashi. Saboda haka hanyar ta zama ta ciniki, ta kuma zama ta sarauta, wadda baƙo ke bi ya san cewa gari mai tsari ya nufa. Ko Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya ratsa ƙasar Margi a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya ji labarin Sukur da sarkinta ya rubuta, duk da cewa bai hau ba.

Sai dai hanyar da ke kawo mai saye ita ce ke kawo mai hari. Daga 1912 Hamman Yaji na Madagali ya dinga kai farmaki kan mutanen duwatsu, yana kama bayi da dabbobi, har Sukur ba ta tsira ba. Ba ƙage ba ne, domin littafin da ake rubuta masa al'amuransa na yau da kullum an buga shi da Turanci a 1995. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Kafin su Jamusawa sun mulki yankin, Faransawa ma sun taɓa na ɗan lokaci, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbatar da mu a cikin Nijeriya.

Zaman lafiya ya zo da nasa sauyin. Ƙarfen Turai mai araha ya kashe matoya, mutane suka fara sauka kwari neman gona da makaranta da asibiti. Mu da ke karanta wannan mujalla 'ya'yan wannan saukowa ne, ba kuwa abin kunya ba ne.

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, kafin kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005. Abin da ya jawo hankalinsu bai wuce fadar Hidi da gonakin da aka yi wa matakala a jikin dutse da tsofaffin matoya da wannan hanya ba. Daga nan aka fara ganin wasu irin matafiya: ɗalibai, masu bincike, da masu hawan dutse don nishaɗi, kowa da gorar ruwa da na'urar ɗaukar hoto. Tsofaffinmu sun sha mamakin mutumin da zai bar mota a ƙasa ya hau dutse ba don ya sayi komai ba.

Wannan zirga-zirga ta tsaya cak a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali, suka hau har Sukur suka ƙona gidaje, fadar ma ba su ƙyale ta ba. A 2018 wata ƙungiyar duniya mai kula da kayan tarihi ta sanya Sukur cikin wuraren da ke buƙatar ceto.

Wuta ba ta cin dutse, amma ruwa yana ci. Kowace damina takan zaizaye ƙasar da ke riƙe da falalen, ɗaya ya goce, na kusa da shi ya bi. A da gayya ake yi a mayar da shi kafin ɓarna ta yaɗu, domin majiya ƙarfi suna gida. Yau majiya ƙarfin su ne mu, muna birni. Dattawan da suka san yadda ake zaunar da dutse ba tare da siminti ba suna raguwa, kuma a ganinmu ranar da aka fara liƙe hanyar da siminti, ranar ta fara zama wata hanya daban. Shawararmu ga babban taron bana ita ce a ware kwana biyu bayan kaka, kowane reshe ya turo matasansa, dattawa su nuna, a fara daga inda ruwa ya fi yin ɓarna.