Zaɓen Na'urar Gano Ƙarfe Mai Matsakaicin Farashi Don Binciken Tsoffin Kuɗi da Kayan Tarihi: Nazari a Kan Ƙasar Soron Ɗinki, Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ma'aunin da ya dace a bi wajen zaɓen na'urar gano ƙarfe da za a yi aikin binciken tarihi da ita a tsofaffin unguwannin birnin Kano, tare da ɗaukar Soron Ɗinki a matsayin misali. An haɗa abubuwa uku wajen nazarin: irin ƙarfen da aka ƙera kuɗaɗen da suka zaga Kano da shi, yanayin ƙasar cikin ganuwa, da bayanan da kamfanoni suka fitar a kan na'urorinsu. Matsayar maƙalar ita ce, zurfin da 'yan kasuwa ke tallata na'ura da shi ba shi ne abin dubawa ba a cikin birni. Abin dubawa shi ne ko na'urar na iya daidaituwa da jar ƙasa, da kuma ko tana iya raba ƙarfe biyu da ke kwance kusa da juna.

Gabatarwa

Na'urar gano ƙarfe ta shigo hankalin Hausawa ne ta ƙofar zinariya. Tun da aka gano zinariya a Jado, arewacin Nijar, a shekarar 2014, matasa daga Agadas har Kano suka san sunayen na'urori irin su GPX na kamfanin Minelab. Wannan tarihi ya bar tabo a tunanin masu saye: na'ura mai kyau ita ce mai zurfi, mai tsada kuma ta fi zurfi. A hamada, inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai taka ko ƙusa ɗaya ba, wannan tunani yana da hujja. A lungun cikin birni kuwa ba ya aiki.

Amfani da na'urar a binciken tarihi ba sabon abu ba ne. A 1984 Douglas Scott da abokan aikinsa sun bi filin yaƙin Little Bighorn a Amurka da ita, suka tsara taswirar harsasai da kwansonsu har aka fahimci yadda mayaƙa suka yi ta motsi a ranar yaƙin. A Ingila, dokar dukiyar ƙasa ta 1996 da tsarin rajistar abubuwan da jama'a ke tsinta, wanda aka fara a 1997, sun sa an rubuta bayanin abubuwa fiye da miliyan guda. Abin tambaya a nan shi ne, wace na'ura ce, cikin waɗanda farashinsu ke tsakanin dalar Amurka 300 zuwa 900, za ta yi wa mai bincike amfani a ƙasa irin ta Soron Ɗinki.

Abin da ake sa ran samu

Kafin a zaɓi kayan aiki sai an san abin da ake nema. Kano ta daɗe tana kasuwanci ba da kuɗin ƙarfe ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, kuma da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Wuri ƙwanson halittar teku ne, babu na'urar gano ƙarfen da za ta ji shi komai tsadarta. Ke nan kuɗin da Kasuwar Kurmi ta yi hada-hada da shi na kusan shekara ɗari biyu, sai rariya da ido ne za su fito da shi.

Kuɗin ƙarfe da aka sani kafin zuwan Turawa shi ne liyari, dalar Maria Theresa ta ƙasar Ostiriya, wadda ake ta bugawa da kwanan shekarar 1780. Nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Wannan kowace na'ura za ta ji shi da ƙara mai kaifi, sai dai ba kasafai ake yar da irinsa ba, domin dukiya ce ta adana, kuma maƙeran farfaru sun narkar da da yawa sun yi mundaye da zobba.

Abin da ya fi yawa a hannun talaka shi ne kuɗin bayan 1903, shekarar da sojan Ingila suka ci Kano. A 1907 aka buga anini na farko da alminiyam, shekara guda bayan haka aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, wanda da shi aka yi kobo mai huji. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fito da taro, sisi, sule da fataka na azurfa a 1913. Azurfa ta yi tsada, sai aka maye gurbinta da gaci daga 1920. A 1952 kobo ya koma tagulla, a 1959 Nijeriya ta buga nata kuɗin, a 1973 naira ta zo.

Wannan jeri yana da muhimmanci saboda yadda na'ura ke tantance abu. Faifan na'ura yana aika maganaɗisu mai kaɗawa cikin ƙasa, ƙarfen da ke ciki ya mayar da amsa, na'urar ta auna jinkirin amsar ta ba shi lamba. Azurfa da jan ƙarfe suna gudanar da lantarki sosai, lambarsu na sama. Haɗin jan ƙarfe da nikel kuwa raggo ne wajen gudanar da lantarki, don haka kobo mai huji yakan faɗo a tsakiyar ma'auni ko ƙasa da haka, daidai inda takardar alminiyam ta kwalin sigari da kunnen gwangwanin lemo ke faɗowa. Mai binciken da ya gaji da tono shara ya toshe wannan yanki na ma'auni, ya toshe kobo da anini tare da ita bai sani ba.

Haka batun baƙin ƙarfe. Littattafan koyar da na'ura, da yake an rubuta su ne don masu neman sulalla a filayen Turai, suna ɗaukar baƙin ƙarfe a matsayin shara. A Kano shi ne ginshiƙin tarihin. Alamun narkar da tama a Dala sun kai ƙarni na 7, kuma Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi, kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410. Linzami, likkafa, kan mashi, zoben sulke, allura da almakashin maɗinki duk baƙin ƙarfe ne. Na'urar da ke yin shiru a kansu ta rage wa mai bincike rabin aikinsa. Wadda ake so ita ce mai ba wa baƙin ƙarfe sautinsa na daban, mutum ya ji ya yanke hukunci da kansa.

Yanayin ƙasar cikin ganuwa

Soron Ɗinki, kamar sauran unguwannin da ke kewaye da Gidan Rumfa, ta ginu ne a kan kanta. Katangar tubali ta zube da damina, a baje ta, a ɗora sabuwa a kai. Ƙasar da aka yi ginin an ɗebo ta ne daga kududdufai, su kuma kududdufan daga baya aka cike da yawansu da juji aka yi gini a kai. Abin da wannan ke nufi shi ne, abin da ya faɗi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yana iya kasancewa ƙasa da inda kowace na'urar hannu za ta kai. A ƙasa mai sauƙi, faifai mai faɗin inci 11 yakan ji kwabo a zurfin santimita 20 zuwa 30. Ƙarin kuɗi ba ya sauya wannan sosai, domin amsar ƙaramin abu tana raguwa da sauri ƙwarai: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin amsar na iya raguwa har sau 64. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka ya kamata mai sayen na'ura ya san iyakarta tun a shago.

Matsala ta biyu ita ce jar ƙasa da marmara. Launinsu daga tsatsar ƙarfe yake, kuma inda wuta ta daɗe tana ci, kamar gurbin murhu ko maƙera, wannan tsatsa takan rikiɗe ta ƙara jan maganaɗisu. Sai ƙasar kanta ta riƙa amsawa fiye da kwabon da ke cikinta. Tsingaro da kashin tama ma sukan sa na'ura kuka. Maganin wannan shi ne daidaita na'ura da ƙasa: a riƙa ɗaga faifai ana saukewa a wuri mai tsabta har na'urar ta koyi amsar ƙasar ta daina kula ta. Ba kowace na'ura ke ba da wannan dama ba, kuma a ganina nan ne layin da ya raba wadda za ta yi aiki a Kano da wadda ba za ta yi ba.

Ta uku ita ce sharar zamani. Duk wanda ya tsaya a bakin ramin harsashin gini a cikin birni ya dubi ƙasar da leburori ke fitarwa, zai ga ƙusoshi, gutsattsarin kwanon rufi da tsatsa ta cinye, marafan kwalba, mataccen batir da guntayen rodi, duk a cikin kwanon ƙasa guda. Idan ƙusa da sisi suka shiga ƙarƙashin faifai a lokaci ɗaya, na'ura takan haɗa amsarsu ta ba da lambar ƙusa. Ga kuma wayoyin lantarki da ke ratsa lungu a kusa da kai da janareta a ƙofar shago, masu sa na'ura surutu ba dalili.

Kwatanta na'urori

Na'urorin zinariya masu aika bugu ɗaɗɗaya, irin su GPX 5000, suna jure wa ƙasa mai ma'adini kuma suna da zurfi, amma tantancewarsu kaɗan ce, farashinsu ma ya wuce iyakar wannan nazari. A Soron Ɗinki sai dai su sa mutum tonon ƙusa har magariba.

Saura masu kaɗawa a ƙaramin zango, wanda ake aunawa da kilohaz. Zango na ƙasa, kamar kilohaz 5, ya fi jin azurfa da manyan abubuwa. Na sama, daga 15 zuwa 40, ya fi jin ƙanana da raggwayen ƙarafa irin su anini. Yawancin jerin ACE na kamfanin Garrett na Amurka yana aiki tsakanin kilohaz 6.5 da 10, yana da sauƙin koyo, amma daidaitonsa da ƙasa a kulle yake daga masana'anta. Jerin Vanquish na Minelab yana aika zango da yawa lokaci guda, shi ma bai ba mai aiki ikon daidaita ƙasa da hannunsa ba. Waɗannan biyu ban ga dacewarsu da jar ƙasa ba.

Garrett AT Pro tana kan kilohaz 15, ana daidaita ta da ƙasa da hannu ko ta yi da kanta, tana da sautin baƙin ƙarfe na musamman, kuma batir huɗu na tocila ƙanana take ci, waɗanda ake samu a kowane kanti. Simplex+ ta kamfanin Nokta na Turkiyya tana kan kilohaz 12, ta fi araha, ita ma tana daidaituwa da ƙasa. Sama da su akwai Equinox 600 da 800 da Minelab ya fitar a 2018, da Legend ta Nokta, masu haɗa zango da yawa. Fifikonsu a nan shi ne ana iya ƙara musu saurin farfaɗowa, wato gajarta lokacin da na'ura ke ɗauka bayan ta ji abu kafin ta ji na kusa da shi. Equinox 600 tana da mataki 3 na wannan, 800 tana da 8. Batirinsu na ciki ne, ana cajinsa kamar waya, abin da ke buƙatar tanadi a garin da wuta ba ta tsayawa.

Duk wadda aka zaɓa cikin waɗannan, a ware kuɗin ƙaramin faifai mai faɗin inci 5 ko 6. Babban faifan da ke zuwa cikin kwali an yi shi ne don gona. Ƙarami yana rage zurfi kaɗan, amma yana leƙa tsakanin ƙusa da ƙusa, kuma yana shiga gindin katanga. Na'ura mai rahusa da ƙaramin faifai ta fi mai tsada da babba amfani a cikin birni. A duba kuma cewa jikinta a rufe yake ruf, ba don nutso ba, don ƙurar hunturu. Jabu ma sun yi yawa tun lokacin rububin zinariya, har Minelab ya sha gargaɗi a kansu, saboda haka a tabbatar da lambar na'ura wajen kamfani kafin a biya.

Doka da wurin aiki

Mallakar na'ura ba izinin tono ba ne. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta tonon neman kayan tarihi sai da takardar hukumar da amincewar gwamnatin jiha. Ta lissafa kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta wajabta sanar da abin da aka gano, ta kuma hana sayar da shi ga wanda ba wakilinta ba ko fitar da shi waje ba izini. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu tsakanin 1095 da 1134, tana ƙarƙashin kariyar hukumar, kuma tana cikin jerin share fage na UNESCO tun 2007. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun bambanta rikazi, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wadda ake fitar wa humusi, da abin da Musulmi ya binne ko ya yar, wanda hukuncin tsintuwa ke hawa kansa. A unguwar da gidaje ke da magada sanannu, na biyun ne zai fi aukuwa.

Dalilin tsananin dokar a bayyane yake ga wanda ya kwatanta Durɓi Ta Kusheyi ta Katsina da ƙasar Nok. A Durɓi, tonon da aka yi a 1992 ya bar kwanonin tagulla, mundaye da wuri tare da bayanin kabarin da kowanne ya fito, shi ya sa aka iya danganta su da ƙarni na 13 zuwa na 16 da kasuwancin hamada. A Nok, masu tonon sata na shekarun 1990 sun fitar da mutum-mutumi masu yawa da ba wanda zai ƙara sanin inda suka kwanta.

Wurin da na'ura mai matsakaicin farashi za ta fi amfani a Soron Ɗinki shi ne ƙasar da aka riga aka tono. Ana rushe gidajen ƙasa ana gina na siminti, ana haƙa rijiya, masai da lambatu, motoci na kwashe ƙasar zuwa bayan gari. Ma'aikacin Gidan Makama ko ɗalibin sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, da izinin hukuma da yardar mai gida da sanin mai unguwa, zai iya sa a baje ƙasar kowane mataki na rami daban, kaurinta kada ya wuce santimita 10, a bi ta da ƙaramin faifai ba tare da an toshe kowane yanki na ma'auni ba. Bayan na'ura sai a tankaɗe ƙasar don wuri, tsakiya da tsingaro, a rubuta zurfin da kowane abu ya fito kafin a sa shi a leda.