Tarihin Gyaran Manyan Motocin Sahara a Agadas

Sana'ar gyaran manyan motocin shiga rairayi, waɗanda a Nijar ake kira kat-kat, ta kafu ne a Agadas saboda matsayin garin. Tun zamanin ayarin raƙuma, daga nan ake kama hanyar Bilma ɗauko gishiri, daga nan kuma ake nufar Aljeriya da Libiya. Da mota ta gaji raƙumi a waɗannan hanyoyi, sai ya zama tilas a samu masu sanin ciwonta, domin wanda motarsa ta mutu a tsakiyar Tenere, ransa ne ke kan siraɗi.

Faransawa ne suka fara gwada mota a hamadar. A ƙarshen 1922 ayarin kamfanin Citroën ya taso daga Aljeriya, ya isa Tumbuktu a farkon 1923, sannan a 1959 zuwa 1960 manyan motocin Berliet suka ratsa Tenere. Motar da ta zama ta aikin yau da kullum kuwa ita ce Land Rover ta Ingila, wadda aka soma ƙerawa a 1948. Jami'an mulki da sojoji da masu binciken ma'adinai suka riƙa amfani da ita, kuma a garejinsu ne kanikawan farko suka koyi aiki.

Shekarun 1970 sun buɗe wa sana'ar kasuwa. An fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa can, sannan gasar tseren motoci ta Faris zuwa Dakar, wadda aka soma a ƙarshen 1978, ta riƙa biyowa ta Agadas. Masu yawon buɗe ido suka yi ta kwararowa kallon duwatsun Abzin, Abzinawa da dama suka zama direbobi da jagorori.

A wannan zamani ne Land Cruiser ta Japan ta ƙwace fage. Toyota ta fito da ita a 1951, ta raɗa mata wannan suna a 1954, samfurin 70 kuma ya fito a 1984. Yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda aka yi wa laƙabi da Yaƙin Toyota, ya ƙara mata suna. A 1990 aka kawo injin dizal mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ba shi da turbo, famfon mansa kuma ba ya dogara da kwamfuta. Kanikawa sun so shi domin ana iya kwance shi a ƙarƙashin rumfa, a yi masa garambawul da sifana da hannu.

Ƙura da zafi da gurɓataccen mai su ne manyan abokan gabar mota a hamada, kuma a kansu aka gina ƙa'idojin aikin. Ana yin juyen baƙin mai duk bayan kamar kilomita 5,000. Kafin a tashi, yaron gareji zai cire matatar iska, ya bubbuga ta a jikin taya har ƙurar ta zube, ya hure ta daga ciki, ya mayar. Man da aka sayo a jarka sai an tace shi da ƙyalle kafin ya shiga tanki, don kada yashi ko ruwa su kashe nozul. Ana wanke lagireto, a duba fanbel, a ɗura girisi a gaɓoɓin ƙasa. Idan an bar ƙasa mai tauri za a shiga tudun rairayi, direba kan sassauta iskar tayoyi har su ɗan baje, sai an fita a sake busa su.

Akwai kuma ƙare-ƙaren da masu walda ke yi. Ana ƙara ganyen sifirin don motar ta jure lodi, a dasa tanki na biyu, a ɗaga bututun shaƙar iska zuwa saman gilashi inda ƙura ba ta da yawa, a kafa wurin ɗaura safaya biyu da faranta na ƙarfe da ake shimfiɗawa idan taya ta kafe. Motar da ta mutu ba a yar da ita. Ana farke ta, kayanta su koma jikin wasu.

Tawayen Abzinawa na 2007 da sace-sacen Turawa sun durƙusar da yawon buɗe ido, sai aikin ya koma kan motocin jigilar matafiya zuwa Libiya da na masu haƙar zinariyar Jado da aka gano a 2014. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa an ƙwace motoci da yawa, kafin a soke ta a Nuwamban 2023.

Sababbin samfuran Land Cruiser, irin 200 na 2007 da 300 na 2021, cike suke da na'urorin lantarki, gyaransu sai da kwamfutar gano matsala. Shi ya sa direbobin hamada har yau suka fi riƙe samfurin 70, wanda Toyota ke ci gaba da ƙerawa bayan shekara arba'in da fitowarsa.