Fatsar kama-ka-saki: sun manyan kifayen kogunan duwatsu da ba a kai su tukunya

Kama-ka-saki wani nau'in su ne da ake yi da sandar fatsa, inda mutum zai sha wahala ya jawo babban kifi zuwa gaɓa, ya auna tsawonsa, ya ɗauki hoto, sannan ya zare masa ƙugiya ya mayar da shi ruwa da ransa. Faransawa suna kiransa no-kill. Ga masuncin da ke ciyar da iyalinsa da abin da taru ya kamo a tafkin Madarunfa ko na Tabalak, abin sai ya yi kama da wasan masu kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki, don galibin masu yinsa baƙi ne da ke biyan jirgi da masauki mai tsada. Sai dai a wasu kogunan Indiya, Butan da Mongoliya, wannan wasa shi ne ya samar da kuɗin gadin ruwa a wuraren da hukuma ba ta da ma'aikatan da za ta tura.

Al'adar ta daɗe a Ingila, inda masu fatsar nishaɗi suka fi shekara ɗari suna sakin kifayen da ba su da niyyar ci. A Amurka, wani shahararren mai fatsa, Lee Wulff, ya yi ta yaɗa ta tun shekarun 1930, kuma jihar Michigan ta shigar da ita cikin tsarin kula da kogunanta a 1952.

Kifayen da ake nema

Biyu ne suka fi suna. Na farko shi ne mahsir, wanda ke zaune a kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Himalaya da kuma duwatsun kudancin Indiya. Kifi ne mai manyan ɓawo a jiki da leɓe mai kauri, ga ƙarfin tsiya, don a cikin ruwa mai gudu tsakanin duwatsu yake girma. Wani Baturen mulkin mallaka, H. S. Thomas, ya yi masa dogon bayani a littafinsa The Rod in India na 1873, kuma tun daga lokacin sunansa ya shiga bakin masu fatsa na Turai. Mafi girman da aka taɓa kamawa da sanda ya kai kimanin kilo 54. An kama shi a 1946 a kogin Kabini, wani reshe na kogin Kaberi.

Na biyu shi ne taimen na Mongoliya da Saberiya, babban yayan dangin kifin salmon. An ruwaito cewa a 1943 an kama wani mai kilo 105 da tsawon mita 2 da santimita 10 a kogin Kotui na Saberiya. Maci nama ne: yana cin kifi, yana cin ƴaƴan agwagwa, yana kuma cafke ɓeran da ya yi gangancin tsallaka kogi, shi ya sa masu fatsa ke jefa masa ɓeran ƙarya da aka ɗinka da gashi suna jansa a saman ruwa.

Abin da ya haɗa su shi ne jinkirin girma. Taimen ba ya fara zuba ƙwai sai ya kai shekara 5 zuwa 7, kuma yakan wuce shekara 30 a duniya. Kogin dutse kuwa ruwansa sanyi gare shi, abincinsa kaɗan ne, ba ya ɗaukar manyan kifaye da yawa kamar tafki. Idan aka cire manya goma daga gurbi ɗaya, to an cire iyayen da suka fi zuba ƙwai, kuma sai an jira shekaru masu yawa kafin wasu su tashi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya UICN ta saka mahsir mai ruwan zinare cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta kuma saka taimen cikin masu rauni a 2012.

Sakin da ke ceto da sakin da ke kisa

Ba duk kifin da aka mayar ruwa ke rayuwa ba. Wani zai yi iyo ya tafi kamar lafiya lau, ya je ya mutu bayan awoyi a inda mai fatsa ba ya gani. Saboda haka sana'ar ta tara ƙa'idoji. Ana amfani da ƙugiya guda ɗaya wadda aka danne ɗan haƙorin nan nata mai hana ta fita, domin a zare ta ba tare da an yaga baki ba. An fi son koton ƙarfe ko na roba a kan koto mai rai, saboda mai rai kifi yakan haɗiye shi har ciki, ƙugiya ta huda inda ba ya warkewa. Ana kuma sa zare mai ƙarfi don a gama kokawar da wuri, tunda kifin da aka gajiyar har ya galabaita yakan kasa farfaɗowa, musamman in ruwa ya yi ɗumi.

Mafi muhimmanci shi ne iska. A 1992 wasu masu bincike biyu na Kanada, Ferguson da Tufts, sun gwada wani ƙaramin ɗan uwan taimen: cikin waɗanda aka gajiyar amma ba a fitar da su daga ruwa ba, kashi 88 cikin ɗari sun rayu, waɗanda aka riƙe a iska na daƙiƙa 30, kashi 62, waɗanda suka yi minti ɗaya, kashi 28 kacal. Ke nan hoton da ake ɗauka ana murmushi shi ne lokaci mafi haɗari ga kifin. Jagora nagari yakan sa a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a bar kansa cikin ruwa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, a tallafe shi har sai da kansa ya fizge ya tafi.

Abin da ya faru a kogin Kaberi

Kaberi yana tasowa daga duwatsun yankin Kodagu a jihar Karnataka, ya yi tafiyar kusan kilomita 800 kafin ya faɗa teku. A tsakiyarsa akwai kwazazzabai inda wani mahsir mai ƙusumbi da jajayen fikafikai yake zaune, kuma shi ne mafi girma a danginsa. Bayan ƴancin Indiya an yi ta kashe kifin wannan yanki da nakiya da guba, har aka ɗauka manyan sun ƙare. A shekarun 1970 wata ƙungiyar masu kishin namun daji ta kudancin Indiya, WASI, ta karɓi hayar wani sashe na kogin, ta kafa dokar saki. Daga baya sansanoni irin su Galibore da Bheemeshwari suka shahara, Turawa na zuwa musamman daga Ingila, suna shiga kwalekwale mai siffar kwando, suna koto da dunƙulen tuwon tamba, abincin da mutanen yankin da kansu ke ci.

Kuɗin baƙin ne ya biya albashin masu gadi da jagorori, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffin masu jefa nakiya ne. Hikimar a fili take: wanda ya san inda kifi ke kwana shi ya fi iya tsaronsa, muddin kifin mai rai zai kawo masa kuɗi bana ya sake kawowa baɗi.

A 2012 aka rufe sansanonin, bayan hukuncin kotu da ya ɗauki fatsa a cikin gandun da aka keɓe a matsayin farauta, wadda dokar kare namun daji ta 1972 ta hana. A takarda an ƙara wa kifin kariya, amma a bakin ruwa an sallami idanun da ke kwana a can dare da rana.

Sansanin Galibore ya bar gado guda: littattafan da aka riƙa rubuta kowane kifi da nauyinsa daga 1998 zuwa 2012. Da masu bincike ƙarƙashin Adrian Pinder na jami'ar Bournemouth suka duba su, sai suka ga abin da ba wanda ya lura da shi. Yawan kifin da ake kamawa ya ƙaru ƙwarai, wanda ya nuna gadin ya yi aiki. Amma ba ɗan gida ne ya ƙaru ba. Wani mahsir ne mai shuɗin fikafikai, wanda aka riƙa ƙyanƙyasa a Lonavla ta jihar Maharashtra ana zubawa a koguna da kyakkyawar niyya. A 1998, a kan kowane ɗan gida ɗaya ana kama baƙi 4. A 2012 kuwa, ɗaya a kan 218. Baƙon da aka kawo don ya cike gurbi shi ne ya mamaye gidan. Sai a 2018 aka tabbatar wa mai ƙusumbin sunansa na kimiyya, Tor remadevii, kuma UICN ta saka shi a mataki na ƙarshe kafin ɓacewa. Ba don littattafan masu fatsa ba, da wuya a gane inda cutar take, amma sakin da suka yi ta yi bai hana ta ba.

Mongoliya, da masu adawa

A Mongoliya abin ya zo da sauƙi, don makiyayan ƙasar ba su saba cin kifi sosai ba. Doka ta hana kashe taimen: sai da takardar izini ake fatsarsa, da ƙugiya guda marar haƙori, kuma dole a sake shi. Ana buɗe lokacin ne a tsakiyar watan Yuni, bayan kifin ya gama zuba ƙwai. A kwarin kogunan Eg da Uur masu harkar sun haɗa kai da limaman addinin Buda, har aka sake gina wani tsohon wurin ibada, don mutanen yankin sun fi jin maganar malamansu a kan ta jami'in gandun daji. Butan ita ma ta buɗe fatsar mahsir a ƴan shekarun nan, bisa sharaɗin saki da rakiyar jagora.

Ba kowa ya yarda da al'adar ba. A Suwizalan doka ta hana mutum ya jefa fatsa da niyyar sakin abin da ya kama, kuma a Jamus dokar kare dabbobi tana neman dalili mai ƙarfi, kamar ci, kafin a wahalar da kifi. Hujjarsu ita ce, wanda ya kama don ya ci yana da uzuri, wanda ya huda bakin dabba don nishaɗi kawai ba shi da shi. Hujja ce mai nauyi, kuma mai karatu da ya tashi da tarbiyyar cewa ba a wasa da rai ba zai ga baƙonta ba. Akwai kuma ƙorafin talakawan bakin kogi, waɗanda wani lokaci ake hana su ruwan kakanninsu don baƙo ya samu abin ɗaukar hoto. Inda kuɗin bai sauka a ƙauye ba, nakiya takan dawo da dare.

Babban abin da saki ba ya magancewa shi ne baraji. Mahsir yana hawa ƙananan rafuka da damina don ya zuba ƙwai a kan tsakuwa, kuma katanga irin ta Tehri, mai tsayin mita 260 a kan kogin Bhagirathi, ta datse wannan hanya gaba ɗaya. Wani barajin da aka daɗe ana shirin ginawa a Pancheshwar, kan iyakar Indiya da Nepal, zai shafe ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samun mahsir mai ruwan zinare. A Mongoliya ma akwai shirin baraji a kan Eg, ga kuma masu haƙar zinare da ke dagula ruwa.

Sana'ar ta iso kusa da ƙasar Hausa. A arewacin Kamaru, kogin Faro yana gangarowa daga tudun Adamawa ya haɗu da Binuwai kusa da iyakar Najeriya, kuma da rani, in ruwa ya ja baya ya yi garau, baƙi kan zo su yi fatsar giwan ruwa da tsage a guraben da dorina ke kwana. Dokar sansanin ita ce ta Kaberi da Eg: a auna, a ɗauki hoto, a mayar. Giwan ruwan kuwa irin wanda ake yankawa ana sayarwa kilo-kilo ne a kasuwannin Yamai da Gaya.